Shaidar da Na Yi wa Malamina na Rasha

Gidanmu yana cikin Birnin Zariya, taku kaɗan daga Ƙofar Kuyambana, kuma gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Yayana ne ya gaji zauren mahaifinmu da littattafansa. Ni kuwa boko ta ja ni, ta kai ni har ƙasar Rasha karatun injiniya. A can na sami malamin da ya mai da ni mutum. Yau, iya sanina, yana kurkuku, an ɗaure shi da laifin cin amanar ƙasa, kuma a cikin takardun da aka karanta a shari'arsa akwai wadda na rubuta da hannuna.

Farfesa ne na ilimin iska, wato yadda iska ke bin jikin jirgin sama ta ɗaga shi ko ta karya shi. Dogo ne siriri, kullum da garin alli a hannun rigarsa, ga faɗan tsiya. Cibiyarsu tana wani gari a Sibiriya, da manya-manyan bututu da ake hura iska a ciki a gwada fikafikan jirgi. Akwai ɓangaren da ake gwajin abin da gudunsa ya ninka na sauti, can ne ainihin aikinsa, kuma mu baƙi ko ƙofar wurin ba a bari mu leƙa. Nawa ƙaramin bututu ne na koyarwa, iskarsa ba ta fi ta hadarin farkon damina ba. Ranar da ya fara duba lissafina, sai ya cire tabarau ya ce, "Wa ya koya maka wannan? Ina son in san shi don in guje masa." Na koma ɗaki na yi kwana biyu ina tunanin tattara kayana in dawo gida.

Ban dawo ba, don na gane faɗan nasa a baki ya tsaya. Shekara ta biyu azumi ya faɗo a lokacin zafinsu, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai ka fid da rai. Ban gaya masa ina azumi ba. Shi dai ya lura, sai kawai butar shayinsa ta ɓace daga ofis har wata ya ƙare, mutumin da ba ya iya awa guda bai kurɓa ba. Ranakun Asabar yakan ɗauke ni zuwa 'yar gonarsa a bayan gari mu tone dankali, yana tono yana yi min bayanin inda iska ke rabuwa da bayan fiffike. Yana da 'ya guda, a lokacin ba ta wuce firamare ba, wadda take cinye ni a darar Turawa tana dariya.

A shekarun da suka biyo baya ƙasar tasu ta buɗe. Hukuma da kanta take tura su taron ƙara wa juna sani a ƙasashen waje, tana ce musu su yi aiki da takwarorinsu na duniya. Ya taɓa nuna min yadda ake yi: kowace maƙala sai wani kwamiti ya karanta ya buga hatimi cewa babu sirrin ƙasa a ciki kafin ta fita. Da haka ya yi suna, ya zama shugaban ɗakin gwaji, ya rubuta littattafai, aka rataya masa lambobin yabo. Ni kuma na dawo Zariya na kama koyarwa, na yi aure, na yi furfura. Ba mu yanke zumunci ba. Wata shekara na so in ƙera fankar iska da za ta jawo ruwa daga rijiya a wani ƙauye, lissafin fikafikanta ya gagare ni, na rubuta masa. Ya aiko min da shafuka na rubutun hannunsa ta gidan waya, da zane-zane, da zagina a gefen kowane shafi. Fankar ta yi aiki har ƙarfen ya yi tsatsa.

Sai in faɗi yadda muke a gidanmu, don a gane wautata daga ina ta fito. Idan Yaya ya sauke wa ɗalibi littafi, yakan ce, "Na karɓi wannan daga mahaifina, shi ya karɓa daga malam wane, shi daga malam wane," har ya kai inda ya kai. Karatun da ba shi da malami a wajenmu ɗan tsintuwa ne. Kuma idan malami ya rasu ana zaman makoki, babu yabon da ya kai a ce, "Bai taɓa ɓoye karatu ba." Mun taso ana tsoratar da mu da azabar mai ɓoye ilimi. Wannan maganar na sha ta tun ban san hannun damana ba.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, ko babbar riga ban cire ba, sai saƙo ya shigo wayata daga wani abokin karatunmu na wata ƙasar Afirka. Ya ce an kama Farfesa. An je gidansa, an kwashe kwamfuta da takardu, an wuce da shi babban birni. Zargin shi ne ya ba 'yan ƙasar waje sirrin aikinsa. Na ce innalillahi, na zauna a bakin gado. Tsoho mai ciwon zuciya, wanda ko ƙasar da aka yi masa tayin zama bai yarda ya koma ba, wai shi ne maci amana! Na dinga bin labarai a waya. An ce maƙalolin da ya gabatar a tarurruka ne, masu hatimin nan na kwamiti, yanzu aka dawo aka ce sirri ne. An ce shari'ar a ɓoye za a yi ta, ko iyalinsa ba za su shiga ba.

Na fita zaure na sami Yaya bayan la'asar, ɗalibai sun watse. Na gaya masa. Ya ajiye carbinsa ya ce, "To, kai me ka yi masa?"

Na ce, "Yaya, me zan yi? Ina Zariya, yana bangon duniya."

Ya ce, "Haba! Malaminka yana hannun hukuma kana cewa me za ka yi? Ka manta abin da aka yi wa Baba?"

Ban manta ba. Muna samari wani ya kai ƙarar mahaifinmu gaban alƙali wai yana tunzura jama'a a karatunsa. Ɗalibansa suka taru, tsofaffi da matasa, kowa da littafin da ya karanta a gabansa, suka je suka ce ga abin da ya koya mana, a duba. Kafin magariba aka sallame shi da ban haƙuri. Yaya ya ce, "Shaida za ka yi. Ka rubuta musu wane ne shi a wajenka. Ka faɗi alherinsa duka, kada ka rage. Alƙali mutum ne."

Maganar ta shige ni. Na yi kwana huɗu ina rubutu da Rashancina da ya yi tsatsa, ƙamus a gefe. Mai ɗakina ta ga ina ta kekketa takardu, ta tambaye ni, na yi mata bayani. Ta tsaya da tire a hannu ta ce, "Malam, ka tambayi 'yarsa tukuna? Ko lauyansa? Ka san halin mutanen can ba irin namu ba ne."

Na ce, "Ke kika zauna a can ko ni? Shekara nawa na yi ina shan sanyinsu?"

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta ajiye tire ta fita. Wallahi duk lokacin da na tuna yadda na daka mata tsawar nan sai in ji kamar in mari kaina. Lambar 'yar tana cikin wayata. Abin da ya hana ni kira, ina son in ba su mamaki ne, a ce ga wani ɗalibi daga Afirka bai manta alheri ba.

Ga abin da na rubuta, ban manta ko kalma ba. Na ce ni baƙo ne, na zo ƙasarku ban san komai ba, wannan mutumin ya buɗe min ƙirjinsa. Na ce bai taɓa ɓoye mana karatu ba, duk abin da muka tambaye shi ya ba mu, bai bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. Na ce ko bayan mun koma ƙasashenmu bai daina aiko mana da ilimi ba, shekara da shekaru. Don kada a ce da baki kawai na faɗa, sai na ɗauko shafukan nan na fankar rijiya, rubutun hannunsa da zanen fikafikai, na kai shagon kwamfuta a Tudun Wada aka ɗauki hotonsu, na haɗa. Ban tsaya nan ba. Na nemi abokan karatunmu uku daga ƙasashe daban-daban, na lallashe su suka sa hannu. Na tura wa kotun, na tura wa ofishin masu binciken, ta imel da ta gidan waya, don kada ta ɓata.

Na karanta wa Yaya fassararta da Hausa. Ya ce, "Madalla. Ka fita haƙƙinsa." Na hau Keke Napep na tafi aiki ranar ina jin kaina wani babba.

Aka yi wajen wata biyu shiru. Ran nan da hantsi ina gida ba ni da darasi, sai waya ta yi ƙara, wata lambar ƙasar waje da ban sani ba. 'Yarsa ce. Muryar babbar mace ce, ban gane ta ba sai da ta faɗi ko wace ce. Ban gama murnar gaisuwa ba ta katse ni.

Ta ce, "Kai ne ka rubuta wasiƙa?"

Na ce, "Ni ne. Ta iso?"

Ta ce, "Ta iso." Sai ta ƙara da cewa, "Me ya yi maka?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Babana. Me ya yi maka da ka yi masa haka?"

Ta yi min bayani a hankali, kamar mai yi wa kurma magana. Lauya ya yi watanni yana kafa hujja guda: cewa Farfesa bai taɓa ba wani baƙo komai ba sai abin da kwamiti ya duba ya buga wa hatimi. A kan wannan kaɗai suka dogara. Sai ga takarda daga baƙi huɗu na ƙasashe huɗu, da sa hannunsu, suna cewa bai taɓa ɓoye musu komai ba, yana aiko musu da lissafi kai tsaye. Ga kuma shafuka da rubutun hannunsa waɗanda babu kwamitin da ya taɓa gani.

Na ce, "Fankar rijiya ce! Ta jawo ruwa! Kowane ɗan aji biyu zai duba ya gane."

Ta ce, "Ba lissafin suke dubawa ba. Halinsa suke son nunawa, kai kuma ka rubuta musu shi da kyau."

Ta ce an sake kiransa tambayoyi kwana da kwanaki a kan kowane ɗalibi baƙo da ya taɓa koyarwa. An janye maganar da ake yi ta mai da shi gida a tsare shi a can saboda ciwonsa. Na ce zan sake rubutawa in yi bayani, zan je ofishin jakadancinsu in rantse. Ta ɗaga murya ta ce, "Kada ka ƙara rubuta komai! Ina roƙonka. Kada ka taimake mu." Ta kashe wayar.

Ban san lokacin da na fita zaure ba takalmi ba. Yaya yana tsakiyar karatu da dattawa biyu. Ban taɓa katse masa karatu ba tun da nake, ranar na katse. Na ce, "Yaya, shaidar da ka sa ni na yi, da ita za a kashe shi."

Ya sallami mutanen. Na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yanzu a ƙasar, a ce malami bai ɓoye karatu ba, shi ne laifin?"

Na ce, "Shi ne laifin."

Ya ce, "Subhanallahi." Ya rufe littafin da ke gabansa. "Ni na ba ka shawarar. Ka yafe min."

Da ya yi gardama da na ji daɗi, da na sami inda zan sauke fushina. Amma Yaya bai taɓa wuce Makka ba, da abin da ya sani ya ba ni shawara. Ni ne na zauna da mutanen nan. Ni na ga ƙofar da ba a bari mu leƙa, ni aka nuna wa hatimin kwamiti. Na san komai, na ajiye shi gefe, na rubuta wasiƙa irin ta ɗan zaure saboda ina son a yabe ni. Na shiga cikin gida, mai ɗakina ta dube ni ta gane. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ruwa ta kawo min, na kasa sha.

Abokan nan uku da na sa suka sa hannu, biyu sun daina amsa wayata. Na ukun ya rubuto ya ce kada in ɗora wa kaina, wai a irin wannan shari'ar ba a taɓa jin wanda ya fita ba, da wasiƙa da babu wasiƙa. Na yi ta juya maganar ina neman in kwanta a kanta. Wataƙila gaskiya ne da ma za a ɗaure shi. Amma watannin da zai yi a gadonsa, kusa da 'yarsa da maganinsa, kafin hukunci, waɗannan ni na ƙwace masa su, babu wanda zai gaya min ba haka ba.

Na ci gaba da zuwa aiki. In tsaya a gaban allo in zana fiffike, in ja layukan iska a kansa yadda ya koya min, sai hannuna ya tsaya. Ɗalibai suka fara cewa Malam ya tsufa. Na daina karanta labarai, sai kuma in kasa, in koma in duba. An ɗage zama, an sake ɗagewa, an kai shi asibitin kurkuku, an dawo da shi. Hoto guda na gani, yana tsaye a cikin wani keji na gilashi, rigar ta yi masa yawa. Na rufe wayar na kifa ta.

Da aka yanke hukunci, a labarai na gani. Shekarun da aka ba shi sun fi abin da mai shekarunsa da ciwonsa zai sa rai da shi a duniya. An ce bai amsa laifi ba har ƙarshe. An ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da hukuncin.

Bayan wannan da 'yan makonni 'yar ta sake kira, ita da kanta. Ina kan hanyar Gyallesu zan je gaisuwa, na sa mai Keke ya tsaya na sauka na jingina da wani bango. Muryarta babu fushi wannan karon, gajiya ce kawai. Ta ce ta gan shi kafin a wuce da shi kurkukun da zai zauna, can nesa. Ta ce ya ba ta saƙo gare ni.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce in gaya maka Rashancinka ya lalace, akwai kuskure a kusan kowane layi."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, a bakin titi, da furfurata, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce, "Ya yafe min?"

Ta ce, "Bai ce ba. Ban tambaye shi ba." Sannan ta ce wannan ne kira na ƙarshe. Tana da aiki, tana da yara, ana sa mata ido, lambar ƙasar waje a wayarta masifa ce. Za ta canza lamba. Kada in rubuta masa, ba za a ba shi ba, sai dai a ƙara a fayil. Kada in neme ta ta hannun kowa.

Na ce, "To idan wani abu ya same shi fa? Wa zai gaya min?"

Ta ce, "Babu wanda zai gaya maka."

Daga nan labarai suka daina ambatonsa. An kama wasu, an koma kansu. Ina rubuta sunansa a waya in nema, sai tsofaffin labarai su fito, da hoton kejin nan.

Wata rana na tambayi Yaya abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Yaya, mutumin nan ba Musulmi ba ne. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Ya halatta?"

Ya ce, "Muddin yana raye, ka roƙa masa sauƙi, ka roƙa masa lafiya da shiriya da mafita. Wannan babu laifi."

Na ce, "Idan ya mutu fa?"

Ya ce, "Idan ya mutu sai ka bar shi da Ubangijinsa. Ba a nema masa gafara."

Na ce, "To ta yaya zan san ranar da zan daina?"

 Ya ce zai duba. Damina biyu ke nan bai ba ni amsa ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Ina nan ina ɗaga hannu sau biyar a rana ina cewa Allah ka sassauta masa sanyi, Allah ka sa a ba shi maganinsa, ban kuma sani ba ko akwai sauran wanda ake ba maganin.